Sa Hannu da Amana a Wasan Neman Ajiya

A farkon watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS da take yi wa farar hula da gangan, sai na'urar da a baya take kauce wa wuri da kusan mita 100 ta koma kai mutum dab da inda ya nufa. Ranar 3 ga watan, wani Ba'amurke mai suna Dave Ulmer ya ɓoye baƙin bokiti a daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya zuba littattafai da kaset ɗin bidiyo da gwangwanin wake da littafin rubutu a ciki, ya wallafa lambobin wurin a intanet. Sharaɗinsa bai da yawa: ka ɗauki abu, ka bar abu, ka rubuta sunanka. Daga nan wasan da ake kira jiyokashin ya samo asali, wato ɓoye ajiya domin wasu su bi na'ura su gano ta. Lokacin da Jeremy Irish ya buɗe shafin Geocaching.com a watan Satumba na shekarar, ajiya 75 ce kawai a jerinsa. Yanzu sun haura miliyan 3 a faɗin duniya.

Wasa ne da ba shi da alƙali a fili. Mutum shi kaɗai yake durƙusawa gindin bishiya, ya zaro gwangwani daga ƙarƙashin dutse, ya warware 'yar takardar da aka naɗe kamar laya, ya sa hannu da kwanan wata, ya mayar yadda ya tarar. Bayan haka ne yake da hurumin shiga shafi ya rubuta cewa ya samu, lissafinsa ya ƙaru da ɗaya. Duk gardamar da masu wannan wasa suka daɗe suna yi a kan tsakanin matakan nan biyu take: me ya halatta wa mutum ya ce ya samu? Da yawa suna ɗaukar zancen a matsayin kare gasa, kada wani ya tara lamba a banza. A ganina wannan fahimta ta yi gajarta. Rahoton da mai nema yake rubutawa shaida ce da mutum biyu suke dogara da ita, mai ajiyar da kuma wanda zai zo nema a gaba, kuma da haƙƙin waɗannan biyu ya kamata a auna kowace irin ɗabi'a a wasan.

In aka ɗauki wannan ma'auni, laifuka ba sa zama ɗaya. Akwai mai zama a kujera ya rubuta ya samu ajiyar da ƙafarsa ba ta taɓa kusantar ta ba. An sha fama da irinsa a ajiyoyin da ba su da akwati, waɗanda amsa tambaya game da wurin ce shaidar zuwa, domin amsar takan samu a intanet. Wani nau'in irin waɗannan an dakatar da karɓar sababbinsa a 2005. Amma wanda ya fi shi ɓarna shi ne wanda ya je wurin da gaske, ya yi ta lalube bai ga komai ba, sai ya zaro wani gwangwani daga jakarsa ya jefa a nan, ya sa hannu a takardar da shi ya kawo, ya ce ya samu. Yakan kira wannan taimakon mai ajiya, alhali gyaran gangar Auzinawa ya yi. Ta yiwu ajiyar asali tana nan taku biyar daga inda ya tsaya, yanzu an sami biyu, masu zuwa suna sa hannu a ta bogi. Ta yiwu kuma da gaske ta ɓace, to mai ita ba zai sani ba, tunda shafi yana nuna lafiya lau. Shi ya sa rahoton "na nema ban samu ba", wanda mutane da yawa suke jin kunyar rubutawa, ya fi kowanne amfani. In uku ko huɗu suka jeru, mai ajiya ya san lokacin dubawa ya yi, wanda yake shirin tuƙin kilomita 50 kuma ya san ya dakata.

Za a ce ai wasa ne, ba kofi ba kuɗi, wanda ya yi ƙarya kansa ya yaudara. Da lamba ce kaɗai abin da rahoto yake samarwa, da maganar ta zauna, kuma gaskiya ne cewa masu bin diddigin lissafin wasu suna ɓata wa kansu rai a banza. Sai dai rahoto ba ya tsayawa a lissafin mai shi, yana hawa shafin ajiyar ne kowa ya karanta. Iyalin da suka ga an samu jiya, suka fito da yara cikin rana suka yi awa guda suna kwance duwatsu a wurin da babu komai tun watanni, su ne suka biya kuɗin ƙaryar, da mai da lokaci da gwiwar yaran da ta yi sanyi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne cewa tsananta batun sa hannu yana cutar masu gaskiya. Takarda takan jiƙe ta zama kamar kunu, murfi yakan yi tsatsa ya ƙi buɗuwa, mutum yakan manta biro. A nan ma'aunin da aka ambata yana kawo sauƙi: wanda ya riƙe akwatin a hannunsa, ya ɗauki hoto, ya faɗi halin da ya tarar da takardar, bai ɓatar da kowa ba, hasali ma ya sanar da mai ajiya gyaran da ke jiransa. Wanda ya hango akwati a reshe na sama bai hau ba kuwa, gani ba ci ba ne, domin an auna wahalar kowace ajiya daga 1 zuwa 5 kuma hawan shi ne abin da aka ɓoye ta dominsa. Tafiyar ƙungiya ita ce mai sarƙaƙiya. Mutum biyar su tsaya gindin bishiya, ɗaya ya hau ya rubuta sunan ƙungiya, wannan al'ada ta karɓa, tunda duk sun halarta. Amma a dogayen jerin ajiyoyi irin na hamadar Nevada, inda ake jera su sama da dubu a bakin titi, kusan kowace mita 161, mafi ƙarancin tazarar da ƙa'ida ta yarda tsakanin ajiya biyu, akan raba motoci kowa ya ɗauki yankinsa, da yamma duka su rubuta sun samu duka. Wannan bai ɓatar da mai zuwa ba, don ajiyoyin suna nan, amma kalmar "na samu" ta tashi daga ma'anarta, kuma wanda ya saba faɗinta a inda bai je ba, shaidarsa a sauran wurare ta yi rauni.

Mai ajiya ma yana da nasa iyakar. An ba shi ikon goge rahoton da ya tabbata na bogi ne, kuma in ya gwada shafi da takarda ya ga babu suna, gogewa aikinsa ne. A da wasu sukan ƙara sharuɗɗan kansu, a ce sai ka ɗauki hoto da wata hula ko ka rubuta waƙa kafin a bar maka rahotonka, har kamfanin Groundspeak mai shafin ya soke tilasta irin waɗannan a 2009, in ban da rukunin ajiyoyin ƙalubale. Hukuncin ya yi daidai. Mai gogewa don rahoto ya yi masa gajarta, ko don an faɗi cewa akwatinsa ya fashe, ya share shaidar gaskiya daga idon masu zuwa, laifinsa bai gaza na mai jefa gwangwanin bogi ba.