Alƙali a Bakin Akwatin Zaɓe: Nazarin Wata Al'ada ta Amurka

A 2009 wata lauya mai suna Lanell Williams-Yulee ta fito takarar kujerar alƙalin ƙaramar kotu a gundumar Hillsborough, inda birnin Tampa yake a jihar Fulorida. Ta rubuta wasiƙa ta sa mata hannu, ta rarraba wa mutanen gundumar tana neman gudummawa daga dala 25 zuwa 500. Ta sha kaye a zaɓen 2010, kuma ba a nan maganar ta tsaya ba. Ƙungiyar lauyoyin jihar ta kai ƙararta, domin ƙa'idar can ta hana mai neman alƙalanci ya roƙi kuɗi da bakinsa. Aka tsawata mata, aka ɗora mata kuɗin shari'a dala 1,860. Ta yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 2015 ta tabbatar da ƙa'idar da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Hujjar alƙalin alƙalai John Roberts ita ce, alƙali ba ɗan siyasa ba ne ko da ƙuri'a ce ta ɗora shi a kujera.

Abin mamaki, ita wannan ƙa'ida ta yarda ɗan takara ya kafa kwamitin da zai roƙa a madadinsa, ya san wanda ya bayar, har ya rubuta masa takardar godiya. Duk tsarin zaɓen alƙalai a Amurka haka yake tafiya: an tura mutum cikin ruwa, an ce kada rigarsa ta jiƙe.

Alƙalan tarayya ba sa shiga zaɓe. Shugaban ƙasa ne ke naɗa su, majalisar dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko murabus. Amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na shari'o'in ƙasar a kotunan jihohi ake yin su, kuma jihohi 39 suna sa aƙalla wasu alƙalansu gaban masu jefa ƙuri'a. Wanda zai yanke maganar beli, ko rikicin mai gida da ɗan haya, ko riƙon 'ya'ya bayan saki, sau da yawa sai da ya kafa allon tallan sunansa a bakin titi.

Al'adar ta samo asali ne daga rashin yarda da masu mulki. Misisipi ce ta fara zaɓen dukkan alƙalanta a 1832, jihar New York ta bi sahu a 1846, kafin yaƙin basasa kuwa jihohi da yawa sun koma kan haka. Masu wannan ra'ayi sun ga gwamnoni da 'yan majalisa suna raba kujerun alƙalanci ga 'yan korensu, sai suka ce a mayar wa talakawa. Ba a jima ba iyayen gidan jam'iyyu a manyan birane suka kama ragamar tsayar da 'yan takara, cutar da aka gudu ta dawo ta bayan gida. A 1940 jihar Mizuri, wadda ta ɗanɗana mulkin ubangidan siyasa Tom Pendergast a Kansas City, ta fito da wata hanya: kwamiti ya tace sunaye, gwamna ya naɗa, daga baya a tambayi jama'a ko alƙalin ya ci gaba ko ya sauka. Yau duk hanyoyin suna nan, wata jiha da tutar jam'iyya, wata ba tuta, wata kuma i ko a'a kawai.

To wane ne ɗan takarar, kuma da me yake tallata kansa? Mafi yawa da tarihinsa. Tunda ba zai iya alƙawarin yadda zai yanke hukunci ba, sai ya bar aikin da ya yi a baya ya yi magana. Tsohon mai gabatar da ƙara yana nuna shekarun da ya yi yana tura masu laifi kurkuku, ya jera ƙungiyoyin 'yan sanda da suka mara masa baya. Tsohon lauyan marasa galihu yana nuna ya san halin talaka a gaban kotu. A Kalifoniya, inda ake ba ɗan takara damar rubuta sana'arsa da kalmomi uku a ƙarƙashin sunansa, lauyoyin gwamnati a Los Angeles sun daɗe suna kiran kansu mai gurfanar da 'yan daba ko mai gurfanar da masu lalata da yara, har sai da aka yi doka a 2017 ta tilasta musu rubuta ainihin sunan muƙaminsu. A gundumar Cook ta Shikago kuwa an lura sunaye masu kama da na 'yan asalin Ayalan suna jan ƙuri'a, har wasu lauyoyi suka sauya suna. Jihar da gundumar take ciki ta sa dokar bayyana tsohon suna ga wanda ya sauya kwanan nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna iyakar sanin da mai zaɓe ya yi wa wanda yake dangwala wa.

A ƙananan kotunan ƙauyuka na wasu jihohi ma ba dole ne ɗan takara ya karanta shari'a ba. Jihar New York tana da irin waɗannan kotuna sama da dubu, kuma binciken da jaridar New York Times ta buga a 2006 ya nuna kusan kashi uku cikin huɗu na alƙalansu ba lauyoyi ba ne. Haka abin yake ga alƙalan sulhu na Teksas.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: yawancin kujerun ba a ma fafatawa a kansu. Alƙali ya yi murabus a tsakiyar wa'adi, gwamna ya naɗa wani, shi kuma ya tsaya a matsayin mai riƙe da kujera, babu lauyan da zai so ya ƙalubalanci mutumin da gobe zai tsaya a gabansa. Kuɗin yaƙin neman zaɓen ma galibi daga aljihun lauyoyin nan yake fitowa.

Da can ƙa'idoji sun hana ɗan takara ko bayyana ra'ayinsa kan batutuwan da ake jayayya a kai. A 2002 Kotun Ƙoli ta soke irin wannan hani a wata ƙara daga jihar Minesota. Tun daga nan baki ya buɗe, kuma maganar da ta fi sayuwa ita ce tsanani ga masu laifi. A nan ne nake ganin babbar ɓarnar take. Masana biyu, Gregory Huber da Sanford Gordon, sun duba hukunce-hukunce sama da 22,000 a jihar Fensilbaniya, suka wallafa a 2004 cewa ɗauri yana ƙara tsawo idan zaɓen alƙali ya matso. Ke nan mutum biyu masu laifi iri ɗaya za su iya samun hukunci daban saboda kalandar zaɓe. A wannan jihar dai Mark Ciavarella ya ci zaɓe a gundumar Luzerne da kirarin ba sani ba sabo. Daga baya aka gano ya karɓi kuɗi daga masu hannu a gidajen tsare yara masu zaman kansu, yana ta tura yara can kan ƙananan laifuffuka. An ɗaure shi shekara 28 a 2011. Shekara da shekaru jama'a suna ganin tsananin, suna yaba masa.

Sassauci kuwa tsada gare shi. Aaron Persky na gundumar Santa Clara ya yanke wa wani ɗalibin jami'ar Stanford ɗaurin wata shida a 2016 kan cin zarafin wata mace. Hukuncin ya yi sauƙi ƙwarai, fushin mutane kuma yana da dalili. A 2018 aka yi masa kiranye, karo na farko ga alƙali a Kalifoniya tun 1932. Sai dai lauyoyin marasa galihu da dama sun ƙi goyon bayan kiranyen, suna cewa darasin da sauran alƙalai za su ɗauka shi ne kada su kuskura su sassauta, kuma waɗanda abin zai faɗa wa ba 'ya'yan masu hali ba ne. Ina ganin sun fi kusa da gaskiya.

Duk da haka ba zan ce ƙuri'a ba ta taɓa amfani ba. Tana amfani idan muhawarar ta koma kan yadda kotu ke tafiyar da aikinta maimakon hukunci guda: cunkoson shari'o'i, samar da tafinta, kotunan masu shaye-shaye irin wadda aka fara a Mayami a 1989, ko kotun tsofaffin sojoji da alƙali Robert Russell ya buɗe a Buffalo a 2008. Waɗannan abubuwa ne da ɗan takara zai iya alƙawartawa ba tare da ya zalunci wani mai ƙara ba, mai zaɓe kuma zai iya auna ko an cika.

Misali mafi ƙarfi shi ne gundumar Harris, mazaunin birnin Houston. A 2016 aka kama wata mata tana tuƙi da lasisi mara inganci, aka sa mata belin dala 2,500 da ba ta da shi, aka tsare ta. Ƙarar da aka shigar da sunanta ta fallasa yadda ake riƙe dubban talakawa kan ƙananan laifuffuka don kawai ba su da kuɗi. Mafi yawan alƙalan ƙananan kotunan gundumar suka dage suna kare tsarin, gunduma ta kashe miliyoyin daloli a kai. A zaɓen 2018 aka share su. 'Yan Dimokuraɗiyya suka lashe kujerun alƙalanci 59, cikinsu har da sababbin mata baƙaƙen fata 17, da yawansu da maganar gyaran beli suka yi yaƙin neman zaɓe. Suna hawa a farkon 2019 suka janye ɗaukaka ƙarar da magabatansu suka yi.

Amma ko a nan sai an yi hattara da yabo. Guguwar jam'iyya ce ta kwaso su, a lokacin da Teksas ke ba mai zaɓe damar dangwala wa jam'iyya sau ɗaya ta kwashe duka, kuma guguwar ba ta tantance nagari da mugu cikin waɗanda ta kayar ba. Sannan wadda ta fara cewa tsarin belin ya saɓa wa kundin mulki a 2017, Lee Rosenthal, alƙaliyar tarayya ce da shugaba George Bush na farko ya naɗa, ba ta taɓa neman ƙuri'ar kowa ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 2019 ma a ƙarƙashin sa idon kotunta aka ajiye ta, don kada zaɓe na gaba ya warware ta.