Riƙo da Sakin Magudanar Bayanai a Cikin Kwamfuta

Sa'ad da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa PC/AT a 1984, ya sanya mata magudanai takwas da ake kira DMA, waɗanda ta cikinsu na'ura ke zuba bayanai kai tsaye a ma'ajiya ba tare da ta shagaltar da ƙwaƙwalwar kwamfutar ba. Sai dai takwas ɗin suna ne kawai, domin mai lamba 4 tana haɗa na'urori biyu masu lura da magudanan, mai lamba 2 kuwa an ba wa faifan filofi, har ya zama katin sauti da sauran na'urori suna rububin ragowar.

Daga nan mas'alar ta taso: yaushe ya halatta ga direba, wato manhajar da ke tuƙa na'ura, ya kama magudana, kuma yaushe ya wajaba ya sake ta? Wasu marubuta manhaja sun saba kamawa tun lokacin da aka loda direban, alhali wataƙila yini ya wuce ba a kunna sauti ko sau ɗaya ba, ga wata na'urar can tana nema an hana ta. Wannan a ganina zalunci ne, ko da sauƙin rubutu ne ya jawo shi. Lamarin kamar rabon ruwa ne: manomin shinkafa da ke ban ruwa a ƙarƙashin madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai sama da Garwa, ba ya buƙatar a yi masa sharhi, balle ɗalibin da ya karanta hukuncin kwarin Mahzur a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, inda na sama ke tsare ruwa gwargwadon idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa.

Abin da masana Linux suka rinjayar shi ne a nemi magudana lokacin da aka buɗe na'urar don aiki, a mayar da ita idan mai amfani na ƙarshe ya rufe. Kuma a fara kama layin da na'ura ke kiran ƙwaƙwalwa da shi kafin magudanar, a sake su bisa akasin wannan jeri, don kada direbobi biyu su cije, kowane yana riƙe da abin da ɗan'uwansa ke jira. Saki bayan kowace zubawa kuwa wuce gona da iri ne, tunda ana iya ƙwace magudanar ana tsakiyar aiki.

Amma hukuncin bai game komai ba. A irin waɗannan magudanan, gurbin da bayanan za su sauka dole ne ya kasance a haɗe, cikin megabayit 16 na farkon ma'ajiya, irin wannan wuri kuwa yana wuyar samu idan kwamfuta ta daɗe tana aiki ma'ajiyarta ta rarrabu, shi ya sa direban da ya tanadi gurbinsa tun farko, ya jinkirta kama magudana, nake ganin yana da hujja.