Kolin Koliyo: Aljani ne ko Baƙon Wata Duniya?

An buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a kamfanin NNPC, Zariya, cikin 1969, watau shekarar da 'yan sama jannatin Amurka suka taka wata. Manazarta da yawa sun saba kiransa ƙagaggen labarin kimiyya na farko a Hausa, su wuce. Lakabin yana bukatar a sake auna shi.

Yaro Kilba ya haɗu da Kolin Koliyo, wani halitta daga sararin samaniya, wanda ya ɗauke shi a jirginsa ya kai shi yawon ganin abubuwan al'ajabi. Bahaushe bai taɓa ɗaukar cewa ɗan Adam kaɗai aka bai wa hankali ba. Dattijo a Kutama ko Gwarzo, in an ce masa akwai masu magana da dabara waɗanda ba mutane ba ne, ba zai ko ɗaga kai ba, domin da labarin aljanu ya tashi. Tun 1934 Bello Kagara ya kai Ganɗoki ƙasarsu. Saboda haka Kolin Koliyo ya tarar da gurbi a shirye, ya zauna a cikinsa: baƙo mai iko, mai ɗaukar mutum ya keta nisan da ƙafa ba ta iya ketawa.

Abin da ya sauya shi ne abin hawa. Inda dā sai tsafi ko ikon aljani, a nan na'ura ce. Wannan ba ƙaramin mataki ba ne, don abin da aka ƙera ana iya koyonsa, kuma ɗalibin da ya karanta littafin yana iya kwaɗayin ya ƙera nasa. Aljani kuwa ba a shiga makarantarsa.

Sai dai marubucin ya sauƙaƙa wa kansa aiki a wuri mafi wuya. Baƙon ya zo, sun fahimci juna da yaron, har abota ta ƙullu. Masana taurari ba su sami wannan arha ba. Tun 1950 Enrico Fermi ya tambayi abokan aikinsa ina waɗannan halittu suke, in har suna da yawa. A 1960 Frank Drake ya fara kasa kunne da na'urar rediyo ko zai ji saƙonsu. Zuwa 2022 an tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya wasu ranaku, amma babu saƙo ko ɗaya da aka tabbatar. Ko da ya iso, babu dalilin zaton mai aiko shi zai yi tunani irin namu, balle ya ji maganarmu. Kolin Koliyo bai sha wannan wahala ba, kamar yadda aljanun Ganɗoki ba su taɓa neman tafinta ba. Ta fuskar jigo da zubi, littafin ya fi kusa da Kagara fiye da yadda lakabinsa ke nunawa.