Daga Dirki Zuwa Burumburum: Hujjar Tawaye a Cikin Tarihin Kano

Littafin nan da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya buga fassararsa ta Ingilishi a 1908, sa'an nan Hukumar Fassara ta Zariya ta fitar da ta Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930, ya daɗe a hannun masana tarihi suna tatsar shekaru da sunayen sarakuna daga cikinsa. Ba a cika karanta shi a matsayin aikin marubuci mai ra'ayi ba, wanda ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai kame bakinsa a kai. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi babi guda, watau na Sarkin Kano Muhammadu Alwali (1781-1807), wanda kwanansa ya ƙare a kudancin Kano, domin a ga yadda marubucin ya tunkari tambayar da ta fi kowace nauyi a wancan zamani: yaushe ne ya halatta jama'a su zare takobi a kan mai mulkinsu?

Abin da mai karatu zai fara lura da shi shi ne gajartar labarin jihadin. Yaƙin da ya ci shekara uku, ya kuma kawar da gidan sarautar Kutumbawa, a 'yan layuka aka taƙaita shi. An kori Alwali daga Kano, ya nufi Zazzau, Zagezagi suka ƙi riƙe shi, ya komo Rano, aka bi shi har Burumburum, kudu da Kibiya, aka kashe shi. Shi ke nan. Wanda ke son jerin yaƙe-yaƙen, da hijirar jama'a zuwa Kwazazzabo, da gwabzawar Ɗanyaya, sai ya nemi Taƙyidul Akhbar na Alƙali Muhammadu Zangi, wanda ya rubuta daga ɓangaren masu nasara, bai kuwa ɓoye hakan ba.

Inda marubucin Tarihin Kano ya tsaya ya baje kolinsa shi ne kan Dirki, abin nan da aka naɗe da fatu, ake yi masa yankan shanu tun zamanin sarakunan da suka gabata. Fadawa suka nemi Alwali ya ba da shanu kamar yadda aka saba, ya ƙi, ya sa samari suka sare shi da gatura, sai ga Alƙur'ani a ciki. Mutane suka yi masa baki cewa shi ma haka za a fitar da shi daga ƙasarsa. A nan ne gwanintar marubucin take, a nan ne kuma rikicin yake. In hujjar yaƙar sarakunan Haɓe ita ce sun haɗa Musulunci da tsafi, to ga sarkin da ya rushe tsafin da umurninsa, shi ne kuma aka tumɓuke. Labarin yana karɓar karatu biyu. Mai goyon bayan jihadi zai ce ga shaidar gaurayen nan ƙarara, Littafin Allah a cikin ƙunshin da ake zuba wa jini. Bafade kuwa zai ce sarki ya yar da abin kakanninsa ne, sarauta ta yar da shi. Marubucin bai raba gardama ba. Idan aka karɓi ra'ayin John Hunwick cewa an tsara littafin ne a zamanin Sarki Muhammadu Bello (ya rasu 1893), ta hannun wani babban bawan sarki a fadar Kano, to wannan kame baki ba abin mamaki ba ne, domin mai cin tuwon fadar Fulani da ke riƙe da labarun fadar Haɓe tilas ya iya takunsa.

Amma hujjar tawayen tana nan cikin littafin, an dai ajiye ta ne tun kafin a zo kan Alwali. A babin Kumbari (1731-1743) an nuna yadda aka matsa wa Kasuwar Kurmi da karɓe-karɓe har ta kusa mutuwa, aka ɗora wa malamai jiziya, Larabawa suka tashi zuwa Katsina, talakawa suka watsu ƙauyuka. Irin waɗannan koke-koke ne Kitabul Farƙi, wanda ake dangana wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya lissafa, har da jangali da gaisuwa. Ke nan littafin ya nuna zalunci a wuri guda, faɗuwa a wani wurin, ya bar mai karatu ya ƙulla su.

Zalunci shi kaɗai bai isa hujja ba ko a wurin masu jihadin kansu. Shehu ya yi kimanin shekara talatin yana wa'azi, tun wajen 1774, bai ɗauki makami ba sai bayan dokokin Nafata na hana wa'azi da rawani, da farmakin Gimbana, da hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Watau sai da aka toshe ƙofar magana. Duk da haka Shehun Barno, Muhammadu El-Kanemi, ya ƙalubalance su da cewa saɓo ba ya mayar da Musulmi kafiri, kuma abin yabo ne ga Muhammadu Bello da ya adana wannan muhawara a Infaƙul Maisuri. Abdullahin Gwandu ma ya bar rundunar a wajen 1807 saboda abin da ya gani na son duniya, ya sauka Kano, a nan ya rubuta Diya'ul Hukkam. Raunin Tarihin Kano shi ne bai gaya wa mai karatu ko an toshe wannan ƙofa a Kano ba, ko Alwali ya taɓa hana wani malami magana. Wani raunin kuma, daga kan ganuwar birni yake hangen duniya. Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ta zama zango kawai a hanyar mai gudu, ba a ji abin da manoman Rano da Kibiya suka gani ba sa'ad da runduna ta bi ta gonakinsu.

Littafin ya tsaya dab da Basasar 1893-1895, wadda Yusufawa suka taso da ita daga Takai a kan naɗin Tukur. A wannan yaƙi babu batun Dirki, babu na jangali, rigimar gado ce tsakanin jikokin Dabo, talaka kuwa ya biya kuɗinta.

Mai karatun yau yana da ma'aunin da marubucin ba shi da shi. Jangali da kuɗin ƙasa sun tsallake jihadi, sun tsallake zuwan Turawa a 1903. NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta yaƙe su da baki da ƙuri'a, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala, har gwamnatin PRP ta Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Abin da takobi ya yi alkawarinsa, ƙuri'a ce ta cika shi, bayan shekara fiye da ɗari da saba'in. Sai dai kada a ɗauka wannan hanya ba ta da ƙaya. Rimi ya ɗaga darajar sarautar Rano a 1981, tarzomar 10 ga Yuli ta wannan shekara, wadda ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano, ta ci ran Dokta Bala Muhammad, Sabo Bakin Zuwo kuma ya soke sababbin masarautun a 1983. An sake kafa masarautar Rano a 2019, aka rushe ta a Mayun 2024, aka maido ta a Yulin shekarar a matsayi mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure a ƙarƙashinta. Sau biyar ke nan matsayin kujerar ya sauya cikin shekara arba'in da uku, kowane karo ta hannun gwamnatin da aka zaɓa, ba a kuwa yi wa garin Rano ƙawanya ko sau ɗaya ba kamar yadda aka yi wa Alwali a Burumburum.