Ƙaramin Jirgi, Babban Aiki

Masha Allah! Wanda bai ga ɗan jirgin ruwan nan yana tsaga ruwa ba, an yi babu shi. Wani matashi ne a unguwar Nassarawa GRA ta Kano ya ƙera shi da hannunsa. Tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, kuma daga bakin ruwa ake tuƙa shi da rimot.

Jikinsa falanki ne marar nauyi, an shafe shi da gam mai hana ruwa shiga, aka bi da fenti fari da kore. Batiran daga tsohuwar kwamfuta aka ciro su, ɗan injin da ke juya farfela kuwa a kasuwar Sabon Gari aka samo. Hikimar da ta fi burge ni ita ce inda ya zaunar da batiran: can ƙasan ciki, a tsakiya, don nauyi ya kwanta ƙasa. Shi ya sa ko ya sha kwana a guje ba ya kifewa.

A wurin ninkaya na wani gida aka gwada shi. Yaron bai yi gaggawa ba. Sai da ya ɗora shi a kan ruwa a hankali, ya tabbatar ba ya karkata, sannan ya taɓa rimot. Wallahi sai ga jirgi ya ɗaga hanci ya cilla, kumfa na bin bayansa! A murɗa dama ya bi dama, a murɗa hagu ya bi hagu, babu gardama. Yara suka ɗauki sowa, manya suna ta kabbara. Da aka buɗe murfinsa, ciki a bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Injin ne kawai ya ɗan ɗauki zafi, kuma tuni maƙerin ya shirya saka siririn bututun da ruwa zai riƙa zagayawa ya sanyaya shi.

Kada wani ya ce wasan yara ne. Da irin wannan jirgi masanin kimiyya Nikola Tesla ya girgiza jama'a a birnin New York na Amurka a 1898, har wasu suka zaci tsafi ne. A nan Kano ma, a 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa helikwafta da tarkacen mota da babur. Hannun da ya fara da motar kara, in ya samu kulawa, nan yake kaiwa.

Wannan jirgi ya ci jarrabawa, ya cancanci babban ruwa irin na madatsar Tiga. Ina roƙon makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa su shirya wa ɗalibai gasar irin waɗannan jirage. Ku kuma iyaye, in kun ga yaro na kwance tsohuwar rediyo, ku saya masa kayan aiki, ku sa masa albarka.