Tawse ba bulala ba ce kawai

Kwanan nan na ga wani jerin tsofaffin kalmomin makaranta na mutanen Sikotland da aka fassara zuwa Hausa, kuma gaskiya aikin bai gamsar da ni ba. Mai fassarar ya zo kan tawse, palmie da pandie, sai ya rubuta "bulala" a gaban dukkansu ya wuce.

To, ka duba. Tawse ita ce abin dukan kanta: fata mai kauri da aka tsaga bakinta gida biyu ko uku. Wadda ta fi suna a garin Lochgelly ake yin ta, har sunan garin ya zama sunanta. Palmie kuwa bugu ɗaya ne a tafin hannu, daga kalmar Latin mai nufin tafi. Pandie ma daga Latin take, daga umarnin malam cewa "miƙo hannu". Malamin kansa dominie ake ce masa, wato "ya ubangida". Ka ga ke nan, kalmomin nan uku daga darasin Latin suka fito, yara suka lanƙwasa su. Bulala kaɗai ba za ta ɗauki wannan kaya ba. Mu ma ai ba ma haɗa dorina da tsumagiya.

Abin takaicin ma shi ne da wannan fata aka riƙa zane yara don sun yi harshen gidansu a aji, sun ce aye maimakon yes. Duk wanda aka taɓa kamawa da laifin yin Hausa a firamare ya san zafin. Sai a 1987 aka hana duka a makarantun gwamnatinsu.

A wajen wasanni mai fassarar ya ɗan taɓuka: chuckies ya ce carafke, ya kuwa dace, tsakuwa ce nan da can. Amma ya tsallake kalmar da yaro ke faɗa in yana neman a dakata masa ana tsakiyar guje-guje. Iona da Peter Opie, a littafinsu na 1959, sun tambayi yaran da kansu: gabashin ƙasar barley suke cewa, yammaci keys.

Ku a garinku, in ana langa ƙaya ta soki yaro, me yake cewa a tsaya masa? Ku rubuto mana, da sunan garin.