Iya Mai Auna Tsoro

Duk ranar Asabar nakan ɗauko 'yata daga Ogba mu tafi Zangon Agege gaida Iya, ƙanwar kakata. Iyayenta fataken goro ne, cikin waɗanda suka yi ta gangarowa kudu bayan jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, kuma a nan Agege aka binne cibiyarta. Yarabanci a bakinta kamar ruwa, amma tatsuniya ba ta yin ta sai da Hausa, kuma sai bayan isha'i. In yaro ya matsa mata da rana, cewa take yi, "Maigida, so kake ka ɓata a hanya?"

Na daɗe ina lura da ita, kuma na gane inda gwanintarta take. Iya ta san awon tsoro kamar yadda mai koko ta san awon gasara. Kowa na iya firgita yaro. Abin da ba kowa ya iya ba shi ne a kai shi bakin rijiya ya leƙa, a riƙe masa riga, a dawo da shi yana neman ƙari.

Ga yadda take yi. Da an ce "Ta zo mu ji ta", takan fara da muryarta ta kullum, da abin da yara suka sani: marainiya, kishiyar uwa, ƙanzo a ƙwarya. Sai yarinya ta fita daga gari sannan muryar za ta soma sauka. Ba ta taɓa siffanta mayya gaba ɗaya. Farce ɗaya za ta ba ka, ko ido ja a bayan zana, ko tafin hannu mai sanyi da ya shafa kan jariri, saura kuwa kai za ka ƙarasa a zuciyarka. Daidai inda mayyar za ta kama kurwa, sai Iya ta yi shiru. Ta kwance bakin zane, ta ɓantari goro, ta tauna. Janareton maƙwabta na ta ruri, jirgi na busa daga tasha, yara bakwai kuwa ko numfashi ba sa yi. Idonta na kan ƙaraminsu. In ta ga leɓensa ya fara rawa, nan take Gizo zai faɗo cikin labarin da tsamin bakinsa, a tuntsire da dariya, sannan a koma daji.

Wani abin da ke ƙara mini ganin girmanta shi ne, mayyar Iya ba ta da suna, ba ta da unguwa. Kullum a wani gari take mai nisa. Ta ga yadda zargin maita ke rusa tsohuwar da ba ta da gata, shi ya sa ba ta yarda yaro ya tashi daga tabarmarta yana kallon maƙwabciya da wutsiyar ido. Sau da yawa ma abin tsoron shi ke zama majingina. A tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934, 'yar bora tana isa gidan da ba kowa sai cinya da kare. Iya takan daɗe a nan, tana gurnanin cinya, tana fassarar kare, har yara su gane cewa yarinyar ta samu a wurin waɗannan halittu abin da gidan ubanta ya hana ta.

Su Frank Edgar sun tattara tatsuniyoyinmu tun 1911, Ibrahim Yaro Yahaya ma ya yi namijin ƙoƙari a Tatsuniyoyi da Wasanni. Amma takarda kalmomi ta kama, shirun da taunar goron suka tsere mata. Ban zaci akwai littafin da zai riƙe su ba sai da 'yata ta zo da Iyanu, littafin zane na Roye Okupe da Godwin Akpan, wanda aka mayar katun a 2025: marainiya a ƙasar Yarabawa, wadda wata mata mai suna Olori ta raine ta a daji, ta kuma yi dangi da abokan tafiya. Masu irin wannan zane sukan ajiye abin fargaba a bayan shafi, su cika gidan ƙarshe da ido ko inuwa, sai ka juya da hannunka kafin ka gani. Shirun Iya ke nan, an yi shi da takarda.

Ranar da aka nuna wa Iya littafin, ta matso da fitila, ta bi hotunan da yatsa, don ba ta karatun boko. Da ta zo ƙarshen wani shafi sai ta danne shi da tafin hannu, ta dubi 'yata.

"Kishiya, me kike jin yana bayan nan?"

"Iya, don Allah ki buɗe!"

Ba ta buɗe ba sai da ta gama cin goronta.